Kwamfuta ta daina ganin faifan ajiya: matakan da za ka bi kafin ka ce ya mutu

Tun da zafin bana ya kama, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a turo mini hoton gilashin kwamfuta baƙi ƙirin da rubutu layi ɗaya ko biyu ba. Tambayar kuma ba ta canzawa: "Malam, diskina ya mutu ne?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya, yadda nake bin aikin a shagona nan Maraɗi.

Faifan ajiya shi ne abin da muke kira diski-dir, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano kuma su ce had-dis. A cikinsa Windows yake zaune, a cikinsa hotunanka da lissafinka da takardunka suke. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini da sunan sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Ko waya ce ta saki, ko ƙaramin batir ya ƙare, ko saiti ya juya. Abin da na ga yana cinye ajiyar mutane shi ne gaggawa: a tarar da matsala da safe, kafin azahar an yi formate, wato an share faifan, an zuba sabon Windows a kan aikin shekara biyar. Don haka ka bi matakan nan yadda na jera su. Na fara da waɗanda ba sa cin kuɗi kuma ba sa taɓa ajiya, na bar masu haɗari a ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin tunabis mai baki huɗu, tsohon burushin haƙori busasshe, tsohon katin roba mai tauri na ɓamɓare murfi, da faranti ko murfin kwalba na zuba bis. Sai wayarka ta hannu, domin duk abin da za ka kwance ko ka canza, ka fara ɗaukar hotonsa.

Abin saye kaɗan ne. Batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ana samunsa har wurin masu gyaran agogo, kuma bai kai jaka guda ta sefa ba. Wayar SATA, wadda ke haɗa faifai da babban katin kwamfuta, ita ma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ɗan fi su tsada shi ne adafta mai haɗa faifai da ramin USB, amma kowane mai kwamfuta ya kamata ya mallake ta. Kana kuma buƙatar kile USB mai giga 8 ko fiye, da wani faifan ko wata kwamfutar da za ka kwashe ajiya zuwa cikinta. Farashin kayan nan yana bin canjin naira da sefa, tunda mafi yawansu ta Kano da Katsina suke shigowa, saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku a babbar kasuwa kafin ka miƙa kuɗi.

1. Karanta rubutun, ka tuna abin da ya faru

Rubutun da ke gilashin yana nuna hanya. HP takan rubuta "Boot Device Not Found" da lamba 3F0 a ƙasa. Wasu sukan ce "No bootable device", ko "Operating system not found", ko "Reboot and select proper boot device". Duk ma'anarsu ɗaya: kwamfutar ta nemi inda za ta tashi daga gare shi, ba ta samu ba. Babu ɗaya cikinsu da ya ce faifan ya mutu.

Sai ka tambayi kanka abin da ya faru kafin nan. Ta faɗi? An ɗauke wuta tana cikin aiki, ko an juya ta kan gurub, wato janareta? An ɗauko ta a kabu-kabu ba a kashe ta ba? Wani ya buɗe ta ya ƙara mata wani abu? Ta yi wata da watanni a ajiye? Faɗuwa tana sa a zargi faifan kansa ko mazauninsa. Doguwar ajiya tana sa a zargi batirin nan mai kama da kwabo. Idan kuma ta jima tana nauyi, tana daskarewa, fayil na ƙin buɗewa, to faifan ya daɗe yana sanar da kai ciwonsa.

2. Kasa kunne

Wannan matakin shi ke yanke hukuncin ko za ka ci gaba ko za ka tsaya. Kashe fanka da rediyo, kunna kwamfutar, ka kara kunnenka a jikinta daidai inda faifan yake. A kwamfutar hannu, galibi yana ƙarƙashin inda kake ɗora tafin hannu.

Faifai mai juyawa yana zagaye sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. Mai lafiya za ka ji ya tashi da wani siririn shuuu, ya ɗan yi kacar-kacar, ya daidaita. Idan ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, ya yi shiru, ya sake, to allurar da ke karanta ajiyar ce ta kasa gane hanya. Idan ka ji kuka siriri kamar na sauro amma bai juya ba, allurar ta manne ko injin ya ƙi tashi. Ƙarar gogar ƙarfe kuwa ita ce mafi muni.

Gargaɗi: da ka ji ɗaya daga cikin ukun nan, kuma akwai abin da kake so a ciki, kashe ta nan take. Kowace kunnawa ƙara kankare fuskar faifan take yi. Kada ka buga shi da hannu, kada ka sa shi a firiji kamar yadda wasu ke faɗa, domin raɓa za ta sauka a cikinsa. Kada kuma ka kwance murfinsa na ƙarfe don ka leƙa. Tazarar da ke tsakanin allura da faifan ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ka san ƙurar garin nan. Tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 11.

Idan kwamfutarka SSD gare ta, wato sabon irin faifai mai ajiya a kan kati, ba za ka ji komai ba ko tana lafiya, tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ci gaba.

3. Zare komai, ka zubar da ragowar wuta

Cire kile, katin ajiya, firinta, modem, CD idan akwai a ciki. Sau tari kwamfutar tana ƙoƙarin tashi ne daga kilen da aka manta a jikinta. Kashe ta, zare caja ko wayar wuta, cire batir idan mai ciruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Mayar da wuta ka kunna. Idan ta tashi, kada ka tsaya murna, kwashe ajiyarka a wannan zaman.

4. Shiga BIOS ka ga ko yana ganin faifan

BIOS shi ne ɗan shirin da ke farkawa kafin Windows, shi ke ƙirga kayan da ke jikin kwamfutar. Ana shiga ne da danna wani maɓalli akai-akai da zarar an kunna, tun kafin tambarin kamfanin ya ɓace. A Dell, Acer, Asus da Toshiba F2 ne. A HP, F10, ko ka fara da Esc ka zaɓa. A Lenovo ThinkPad F1, sauran Lenovo F2, wasu kuma suna da wani ɗan rami a gefe da ake tsikara da tsinke. Akwatunan tebur da aka harhaɗa galibi Del ne, wanda a madannan Faransa aka rubuta Suppr.

Nemi shafin da aka rubuta Main, Storage, System Information ko Boot. Abin da kake nema sunan faifan ne: wanda ya fara da ST na Seagate ne, WDC na Western Digital, sai Toshiba, HGST, Samsung, Kingston da sauransu, da girmansa a gefe. Idan ka ga sunan, je mataki na 5. Idan ka ga None, Empty ko Not Detected, je mataki na 6.

Kafin ka fita, ka sani HP da Dell suna da gwajin kansu. A HP danna Esc sannan F2 ka zaɓi gwajin faifai. A Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics. Idan Dell ta ba ka lamba 2000-0141, ba ta ga faifan ba ne kwata-kwata. Idan 2000-0142 ce, ta gan shi amma ya faɗi gwaji, kuma wannan ba labari ne mai daɗi ba.

5. BIOS yana gani, amma Windows bai tashi ba

Fara da duba kwanan wata da agogon da ke cikin BIOS. Idan ka ga ya koma shekarun baya, ka gano ɓarawon: batirin CR2032 ya ƙare. Shi ke riƙe saitin BIOS lokacin da babu wuta, kuma idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Wani Alhaji mai sayar da aya da wake ya taɓa aiko yaronsa da akwatin kwamfutar ofishinsu, ya biyo baya da kansa hankali a tashe, domin lissafin bashin abokan cinikinsa duk yana ciki. Na shiga BIOS, na ga shekarar ta koma can baya. Na ce, "Alhaji, a kwantar da hankali, a ba ni minti goma." Na canza batir, na mayar da saiti ɗaya, Windows ya tashi. Ya dubi ɗan batirin a tafin hannuna ya ce, "Yanzu wannan ne ya hana ni barci jiya?" Shi ne kuwa.

Saiti uku za ka duba, ɗaya bayan ɗaya. Na farko jerin tashi, a shafin Boot: faifanka, ko abin da aka rubuta Windows Boot Manager, shi ya kamata ya zama a sama. Na biyu, hanyar tashi: sabuwa UEFI, tsohuwa Legacy, wadda wasu ke rubutawa CSM. Windows ɗin da aka zuba ta hanyar Legacy ba zai tashi a UEFI ba, haka ma akasin haka, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin da aka zuba wa Windows a shagunan garin nan ta Legacy aka bi. Idan yana kan ɗaya, gwada ɗayan. Wani lokaci sai ka kashe Secure Boot kafin Legacy ya yarda ya buɗe. Na uku, yanayin SATA, wato yadda kwamfutar ke magana da faifan: AHCI, IDE ko RAID. Idan ya juya daga yadda yake ranar da aka zuba Windows, za ka ga tambarin Windows ya fito, sai shuɗin gilashi mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ko lamba mai ƙarewa da 7B a tsohon Windows 7. Mayar da shi kan wanda yake a da.

Gargaɗi: canza abu ɗaya, ka ajiye, galibi da F10, ka gwada. Idan bai yi ba, mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya juya uku lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Sannan idan faifan yana kulle da BitLocker, makullin sirri na Windows, taɓa saitin nan na iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Ka nemo shi tukuna.

Idan saiti ukun daidai suke kuma bai tashi ba, mai yiwuwa fayilolin tashin Windows ne suka lalace. Ana gyara su, amma ba yanzu ba. Je mataki na 7 ka fara tsamo ajiyarka.

6. BIOS bai gani ba: buɗe ta

Kashe, zare wuta, cire batir. Idan batirin na ciki ne, da ka ɗaga murfi abin farko shi ne zare ƴar wayarsa daga kart-mer, wato babban katin da komai ke haɗe da shi. Taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka sa hannu, musamman da hunturu, lokacin da riga ke tartsatsi idan an tuɓe ta. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya ƙona kati. Kada ka yi aikin a kan darduma ko bargo. Idan kuma kwamfutar sabuwa ce mai garanti, mayar wa wanda ya sayar maka kafin ka kwance bis ko ɗaya.

A akwatin tebur, waya biyu ke shiga faifan: siririya mai haƙori 7 da ke ɗaukar ajiya zuwa kart-mer, da faffaɗa mai haƙori 15 da ke kawo wuta. Zare su duka, share bakinsu da burushi, mayar da su har ka ji sun zauna. Ka yi haka a ɗaya bakin da ke kan kart-mer. Bai yi ba? Canza wayar ajiyar da sabuwa, ko ka ari ta na'urar DVD. Bai yi ba? Matsar da ita wani ramin SATA. Sai ka gwada wani reshen wayar wuta. Ɗora yatsa a bayan faifan lokacin kunnawa, idan yana juyawa za ka ji ɗan kaɗawa. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12 da bolt 5, kuma akwatin wutar da ya sha hawa da saukar lantarki yana iya kunna fanka da fitila amma ya kasa tayar da faifai. Idan ka ga wasu ƴan gwangwanaye a kan kati sun kumbura kai, ka zargi wuta kafin ka zargi faifan.

A kwamfutar hannu, faifan mai inci 2.5 yana zamewa ne cikin mazauninsa, da wani ɗan ƙarfe da ke riƙe shi. Kwamfutocin da ake kawowa na hannu da yawansu babu wannan ƙarfen. Wata ɗaliba ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta zo mini da HP, saura kwanaki ta miƙa memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, ido ya yi ja don kuka. Ta ce, "Kawu, an ce mini sai dai a sa sabo." Na ce, "Ƴata, bari mu buɗe mu gani tukuna." Da na ɗaga murfin, sai ga faifan ya ja baya kamar faɗin farce, an tokare shi da ninkakken kwalin shayi wanda zafi ya lanƙwasa. Girgizar kabu-kabu ce ta ƙarasa zare shi. Na tura shi ya zauna, na sa masa ƙarfen wata matacciyar kwamfuta, ya tashi da komai nata a ciki. Ban bar ta ta fita ba sai da ta kwafe memuwar ɗin a kile ta kuma tura wa kanta ta imel.

Wasu kwamfutocin hannu kuma da siririn ribon ake haɗa faifan da kart-mer. Ribon ɗin yana karyewa ta ciki ba a gani. Ɗaga ɗan makullinsa a hankali da farce, zare, mayar a miƙe, ka rufe.

Idan SSD ɗinka irin mai kama da sandar cingam ne, wato M.2, kwance bis ɗaya da ke riƙe wutsiyarsa, zai ɗago da kansa, zare shi, share haƙoran, mayar a karkace, danna ƙasa, ɗaure. A nan akwai kuskuren da ke cin kuɗin mutane: M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, tsayinsu ɗaya, kamarsu ɗaya. Na SATA galibi tsaga biyu gare shi a haƙora, na NVMe tsaga ɗaya. Yana iya shiga ramin daram amma kwamfutar ta ƙi ganinsa, don ba irinsa take karɓa ba. Duba lambar kwamfutarka a intanet kafin ka saya. A wasu akwatunan tebur kuma, sa M.2 yana kashe ramin SATA ɗaya ko biyu, sai tsohon faifan ya ɓace ranar da aka ƙara sabo. Matsar da wayarsa wani ramin kawai.

7. Gwada faifan a wata kwamfuta

Ciro faifan, haɗa shi da adafta, ka soka a kwamfuta mai lafiya bayan ta gama tashi. Ƙarami mai inci 2.5 da SSD wutar USB ta ishe su. Babba mai inci 3.5 sai adafta mai cajarta daban, ko ka sa shi a cikin wani akwatin tebur a matsayin faifai na biyu.

Wannan gwajin ke raba gardama. Idan BIOS ɗinka bai gan shi ba amma ya fito a can, faifan na da rai, matsalar tana jikin kwamfutarka: waya, mazauni ko kart-mer. Idan kana da wani faifan da ka tabbatar da lafiyarsa, sa shi a taka ka ga ko BIOS zai gan shi.

Wanda ba ya son kwancewa, ko wanda SSD ɗinsa a liƙe yake da kart-mer, yana iya zuba Ubuntu, wani tsari irin Windows da ke iya tashi daga kile, a kile da shirin Rufus, ya tayar da kwamfutar daga kilen, ya zaɓi gwadawa ba zubawa ba. Daga nan yana iya buɗe faifan ya kwashe abin da yake so.

8. Faifan ya shiga, amma bai fito cikin jerin ba

A nan aka fi yin ɓarna, don haka ka bi a hankali. Danna maɓallin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, ka danna Entrée. Shafin da zai buɗe shi ne Gestion des disques, ko Disk Management idan Windows ɗin na Turanci ne. Duba rabin ƙasa, ka gane faifanka ta girmansa.

Idan yana da shuɗin layi, an rubuta NTFS, amma babu harafi irin D ko E, abin ya zo da sauƙi: danna dama a kansa, zaɓi canza harafi, ka ba shi ɗaya. Idan an rubuta Hors connexion ko Offline, danna dama a kan sunansa ka mayar da shi En ligne.

Idan ka ga baƙin layi da Non alloué, ko Non initialisé, ko RAW, tsaya ka yi wa kanka tambaya ɗaya: faifan nan sabo ne, ko akwai ajiya a cikinsa? Idan sabo ne fil, haka ya kamata ya fito. Danna dama, ka fara shi, ka zaɓi sabon tsarin taswira GPT, musamman idan ya wuce tera 2, domin tsohon tsarin, MBR, ba ya iya amfani da abin da ya haura haka. Sai ka yanka shi ka yi formate.

Gargaɗi: idan akwai ajiya, kada ka yarda da komai da Windows zai tambaye ka. Zai fito da ɗan akwati ya ce sai an yi formate kafin a yi amfani da faifan. Danna Annuler. RAW yana nufin Windows ya kasa karanta taswirar faifan ne, kayan suna nan a inda suke. Kada ka bi masu cewa ka shiga diskpart ka rubuta clean, wannan share taswirar yake yi gaba ɗaya. Kada kuma ka saki chkdsk, shirin Windows na gyaran faifai, a kan faifan da kake zargin yana ciwo, yana iya wahalar da shi na sa'o'i ya kuma daddatsa fayilolin da da an tsamo su lafiya.

Ni kaina farkon koyona na taɓa danna amincewa a wannan akwatin, a kan faifan wani bawan Allah mai ɗaukar hoton biki. Kwana uku na yi ina tsamo hotunan, wasu ba su dawo ba har yau, kuma ban manta yadda ya tsaya shiru a bakin shago ba.

Ka kuma tuna faifan da ya fito daga Mac, ko Linux, ko na'urar kyamarar tsaro, Windows ba ya karanta tsarinsa, kuma shi ma zai nemi a yi formate. Mayar da shi na'urar da ya fito.

9. Duba lafiyarsa, ka kwashe

Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne. Yana karanta rahoton da faifan ke rubutawa a kan kansa. Shuɗi lafiya, rawaya kashedi, ja ya gama. Duba layin 05, C5 da C6: idan suna da adadi, kuma yana ƙaruwa, fuskar faifan tana lalacewa. Idan C7 ne kawai ke hawa, galibi waya ce ba faifan ba.

Wajen kwashewa, fara da abin da ba za ka iya sake samu ba: takardu, lissafi, hotunan iyali. Fim da waƙa su zo ƙarshe. Kwafa kaɗan-kaɗan, kada ka ja babban dosiye gaba ɗaya. Sa fanka ta riƙa busa faifan, ka kuma yi aikin da sassafe ko da dare idan lokacin bazara ne. Tabbatar kwamfutar da kake aiki da ita tana da batir mai riƙewa ko ondilar, wato akwatin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi na iya zama bugun ƙarshe.

Idan RAW ne ko yankin ya ɓace, TestDisk yana iya dawo da taswirar, PhotoRec kuma yana tsamo fayiloli ko babu taswira, sai dai sunayensu ba sa dawowa. Dukansu kyauta ne. Gargaɗi: kada ka zuba shirin a kan faifan da kake ceto, kada kuma ka ajiye abin da ka tsamo a kansa. Kowane abu ka rubuta a kai yana iya hawa kan wanda kake nema.

10. Matsaloli biyu da ke kama da wannan

Na farko: kana zuba sabon Windows, ka zo inda ake zaɓar faifai, ka tarar da wurin fayau, alhali BIOS yana ganinsa. Wannan ya yawaita a kwamfutocin hannu masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama. Ko ka sauke direban Intel RST, ɗan shirin da ke sa Windows ya gane faifan, daga shafin kamfanin kwamfutar, ka sa a kilen, ka loda shi a wannan shafin, ko ka shiga BIOS ka kashe saitin da aka rubuta VMD. Kashe VMD a kan Windows ɗin da ke aiki yana hana shi tashi, saboda haka sai lokacin sabon zubi. Windows 7 kuwa asalinsa bai san NVMe ba, kada ka wahalar da kanka.

Na biyu: faifan waje mai USB. Fara da canza wayarsa, ita ta fi lalacewa. Soka shi a ramukan bayan akwati, ba na gaba ba, ba kuma ta mahaɗa mai baki da yawa ba. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin harshe 900, kuma faifan da wuta ba ta ishe shi ba yana yin ƙwas-ƙwas kamar mai ciwo. Idan duk bai yi ba, ana iya ɓare kwanson a ciro faifan a haɗa da adafta, sai dai wasu na Western Digital da Toshiba bakin USB ɗin a jikin katin faifan yake, babu SATA a ciki.

11. Lokacin kai wa mai gyara, da sayen wani

Idan faifan yana ƙara, ko bai juya ba a kwamfuta biyu, ko SSD ne da babu inda ya fito, aikin gida ya ƙare. Kunsa shi a takarda, ka sa a kwali, kada ya yi ta gwaruwa a aljihu. Ka faɗa wa mai gyara tun daga bakin ƙofa cewa ajiya kake so, ba tashin kwamfuta ba, kuma kada a yi formate sai da izininka. Tambaye shi ko zai buɗe murfin faifan. Idan ya ce zai buɗe a kan teburin shago, karɓi abinka. Canza allura aikin ɗaki ne na musamman marar ƙura, kuɗinsa kuma yakan ninka na sabon faifai sau da yawa, don haka ka auna darajar abin da ke ciki, ku kuma yi ciniki kafin a fara: nawa idan an samu, nawa idan ba a samu ba.

Idan faifan ya fito a wata kwamfutar amma taka ta ƙi ganin kowane faifai, a nemi ribon ko mazauni daga matacciyar irinta kafin a yi maganar canza kart-mer.

Wajen sayen madadi, ga mai yawo da kwamfuta a kan babur ina ba da shawarar SSD, ko da mai giga 256 ne, tunda girgiza ba ta damunsa kuma tsohuwar kwamfuta tana sauƙin nauyi da shi. Sai dai shi idan zai mutu ba ya yin ƙara, rana ɗaya kawai yake ɓacewa, don haka kile ko faifan waje na kwafi yana cikin kuɗin da za ka ware. Idan na hannu za ka saya, je da CrystalDiskInfo a kilenka, a haɗa faifan a gabanka, ka duba launin, ka duba layin 05 da C5, ka duba sa'o'in da ya yi yana aiki. Ka kuma sa mai shagon ya rubuta maka a rasit kwana nawa ya yarda ka dawo da shi idan ya ba da matsala.